Na Gina Gidana da Kaina

Har gobe akwai masu cewa ɗan kasuwa ba zai iya tsayawa a kan gininsa ba sai ya ɗauki ɗan kwangila. To ni na tsaya a kan nawa tun daga harsashi har fenti, ga gidan can a Danbare, wajen sabuwar jami'ar Bayero, babu ɗan adaidaitan da bai san shi ba. Ba sai ka kama sunana ba, ka ce a kai ka bankin da ba a buɗe ba, a ƙofata za a dire ka. Hassada ce kawai, ba ta hana ni barci.

Daga Abuja na kwaso abin. A 2022 na kai wa wani kwastoma dilolin shadda a Guzape, sai na ga yadda masu kuɗin zamani suke gini: gida a tsaye kusurwa huɗu, fari da ruwan toka, ba ka ganin kwano ko falle ɗaya, gilashi tun daga ƙasa har sama. Na dawo Kantin Kwari jikina a shago, hankalina a Instagram. Ina da fuloti biyu a haɗe, ina da 'yan kuɗina, kuma na yi lissafin cewa mutumin da ya shekara da shekaru yana ciniki da 'yan Chana da Indiyawa, ba birkilan da zai yi masa wayo.

Na samu wani yaro mai zanen gidaje, ya zana. Yaro mai ladabi, amma da surutu. Wai, “Alhaji, gilashin nan yamma yake kallo, a juya shi arewa, ko a yi masa rumfa.” Na ce masa titi yana yamma, meye amfanin gilashin da masu wucewa ba za su gani ba? Ya nemi in riƙa biyansa yana zuwa duba aiki. Na ba shi kuɗin zanensa, na ce ya gaida mutanen gida. Da takardar izinin gini ta fito, na zauna da biro na yi wa zanen 'yan gyare-gyare: na ture bangon falo ya ƙara faɗi, na matsar da banɗakin baƙi can lungu.

Maginin da na ɗauka dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce, “Ranka ya daɗe, bango dai ka ture shi da biro, amma filar da ke cikinsa ita ke ɗauke da bene. In ka ce a cire ta, ni sai dai in ɗauki cokalina.” Muka yi sulhu. Bango ya matsa, fila ta tsaya inda take. Yau tana nan a tsakiyar falo, daidai gaban talabijin. Na sa an lulluɓe ta da tayil mai sheƙi, baƙi da yawa suna ɗauka ado ne.

An fara haƙa harsashi a Fabrairun 2023, wato daidai lokacin da canjin kuɗi ya sa mai miliyoyi a banki yake rancen na cefane. Lebura kuwa ba ya cin taransifa. Da la'asar ya ajiye diga ya miƙo hannu, takarda yake so ya ji a tafinsa. Na yi yawon masu POS har na gaji da sayen naira da naira, sannan basirar kasuwa ta zo mini. Na ciko but ɗin mota da atamfa, na ce duk mai iyali ya ɗauki turmi a madadin kuɗin aiki. Masu aure suka yi ta sa albarka. Gwauraye suka karɓa suna gunaguni, washegari na tarar da atamfata a bakin titi ana sayar da ita ƙasa da yadda na saro.

Muna kaiwa linta, ranar 29 ga Mayu, sabon shugaban ƙasa ya ce tallafin mai ya tafi. Fetur ɗin da muke sha ƙasa da naira 200 ya haura 500. Kafin mako ya zagayo mai tifar yashi ya ninka mini kuɗi. Na ce, “Haba direba, motarka gas take sha, me ya haɗa ka da tallafi?” Ya ce, “Alhaji, motar ce ke shan gas. Ni da iyalina fetur muke sha.”

Siminti kuwa na yi masa dabarar 'yan kasuwa. Buhu yana wajen naira 5,000, Baba ya ce in saya na dekin gaba ɗaya in ajiye. Na ce a'a, duk abin da ya hau zai sauko, mun saba gani a atamfa bayan sallah. Na jira. A Fabrairun 2024 dala ta yi tashin gwauron zabi, buhu ya wuce 10,000, kafinta ya riga ya kafa katako da gora, mai ɗaurin rodi ya gama shimfiɗa rodi ɗan sha biyu da ɗan sha shidan da na ɗauko daga Ƙofar Ruwa. Dekin kuma ba a yi masa rabi a dawo gobe. Ranar da aka kunna injin kwaɓa, sai an kai ƙarshe. Na saya a tsadarsa. Lissafina daidai ne, kasuwar ce ba ta bi shi ba.

Ranar zuba dekin na ga aiki. Samari sun jeru a kan tsanin katako, kowa da kwanon sarki a ka, ana miƙawa ana ihu, ni kuma ina ƙasa da littafina. Don in toshe ƙofar sata, na kafa doka: duk buhun da aka fasa, a ajiye mini fankonsa in ƙirga da yamma. Wallahi ko sau ɗaya lissafi bai taɓa yin ƙasa ba. Akwai ma ranar da na kawo buhu 40, na ƙirga fanko 43. Na gaya wa uwargida, na ce kin ga albarkar tsayawa a kan dukiyarka. Ta dube ni ta ce, “Abban yara, maigadinka ma na ji ya kusa rufa ɗaki biyu a garinsu.” Na ce Allah ya sanya alheri, yaro ne mai tattali.

Sirrin irin wannan gida shi ne ɓoyayyen rufi. Kwanon yana nan, amma an zagaye shi da bango, ruwa ya taru a kwata ta siminti, ya bi bututu ya sauka ba wanda ya gani. Baba ya ce a fitar da indararo. Wai iyayenmu da suka yi soro da azara, ba don ado suke miƙo indararo nesa da bango ba. Na ce ba za a ɓata mini fuskar gida ba, bututu ɗaya ya isa. 'Yan Kwatano suka zo suka yi mini silin na POP mai hawa uku, da fitilu a ɓoye, aikin da in ka ɗaga kai sai hularka ta faɗi. A watan Agusta aka kwana ana ruwa. Ledar fiyawota guda ɗaya tak iska ta kai sama, ta zauna a bakin bututun. Da safe na buɗe ƙofa na tarar da hawa ukun duk sun sauko ƙasa, fitilun suna lilo a jikin waya. Yanzu akwai bututun roba shida da suka leƙo daga saman gidan, kowanne kamu biyu. Baba yana kiransu indararo. Ni ban ga kama ba.

Mun tare a farkon 2025. A nan ne na gane cewa mutanenmu ba su shirya wa ci gaba ba.

Kicin ɗin a buɗe yake, haɗe da falo, da wani teburin dutse a tsakiya, yadda uwargida za ta riƙa girki muna hira. Ranar farko ta ɗora miyar kuka. Daddawa ta shiga kujeru, ta shiga labule, ta hau bene ta shiga manyan rigunana. Rana ta biyu abokaina na kasuwa suka zo ganin gida, ta maƙale a bayan firji da ludayi a hannu, babu hanyar fita sai ta gabansu, hijabinta kuma yana sama. Tuwo ya kama. Rana ta uku yarinyar gida ta kafa turmi a kan tayil za ta daka yaji, taɓarya biyu tayil ya tsage har bakin ƙofa. Ba a yi shawara da ni ba, na dawo na ga an kafa rumfar kwano a bayan gida, da murhun gawayi da kujera 'yar tsugunne. Can ake girki har yau. Teburin dutsen kuma a kansa yara suke ajiye jakar makaranta.

Sai Hajiyarmu ta zo. Ta tsaya a bakin get ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Kai, ina zauren?” Na ce Hajiya yanzu ba a yi. “Tsakar gidan fa?” Na nuna mata intalok. “To a ina ake shanya kuɓewa?” Ta ga matakalar bene, wadda na sa aka yi ba abin dafawa, ta ce ita ba ta yi wa kowa laifin da za a hau da ita nan ba. Ta shiga banɗakin baƙi za ta yi alwala, ko minti ɗaya ba ta yi ba ta fito tana salati. Ashe da na matsar da shi lungu, mazaunin ya juya yana fuskantar alƙibla sak. Washegari falamba ya fasa tayil. A ƙarshe ta zaɓi ɗakin maigadi, mai 'yar taga ɗaya, a gindin darbejiyar maƙwabci, ta ce a kai mata tabarmarta can. Maigadin ya koma ɗakin baƙi mai esi.

Da Afrilu ta kama, zafin Kano ya haura 40, daga azahar rana take dafa gilashin nan har magariba. Muna ciki kamar gurasa a tanderu. Esi huɗu suna aiki, mita tana gudu, ga shi tun Afrilun 2024 an mayar da wutar 'yan Band A sama da naira 200 kowane yunit. Kawuna ya zo, ya zauna yana fifita da hula, ya ce shi ya shiga Gidan Makama da tsakar rana, ginin ƙasa tun zamanin Rumfa, ko fanka bai nema ba. Na ce Kawu, ai wancan gidan tarihi ne. Ya ce, “Wannan ma ya kusa.” Zuwa la'asar duk gidan, har ni, muna ɗakin Hajiya, wai mun je gaishe ta.

Gilashin dai ya yi aikin da na saya shi dominsa, mutane suna kallo. Katangar gaba gajera ce, da sandunan ƙarfe. Da rana madubi ne, 'yan makaranta su tsaya su gyara hijabi, masu babur su karya hula. Da dare kuwa, in an kunna fitila, abin juyawa yake: mu ba ma ganin waje, waje na ganinmu. Ban lura ba sai daren da ake wasan ƙwallo, aka ci, na ji ihu daga titi. Yaran unguwa ne jere a kan katanga. Har wani ya ɗaga murya, “Alhaji, don Allah ka ɗan matsa, kai da filar kun tare mana!” Uwargida ta aika shago aka kwaso mata atamfar da ta ƙi tafiya, ta rufe gilashin daga sama har ƙasa.

Ana saura kwana biyu babbar sallah, na sayo rago, balami fari ƙal, ƙaho a murɗe, irin wanda maƙwabta za su san an yi layya. Duk filin intalok ne, ba wurin kafa turke, sai aka ɗaure shi a ƙarfen rumfar mota, yana fuskantar falo. Ina tsaye ina waya na ga ya daina cin harawa. Ya ɗaga kai. Ya ga wani farin balami, daidai girmansa, yana harararsa. Ya buga ƙafa, wancan ma ya buga. Ya ja da baya, ya ƙara ja, igiya ta miƙe, ni kuma ina cewa a waya, “Riƙe, ina zuwa.” Igiyar ta tsinke.

Ƙarar ba ta kai yadda za ka zata ba. Gilashi mai tsada ba ya fashewa da kaifi, rugujewa yake ƙanana-ƙanana, ya zube a wuri ɗaya. Ragon ya wuce ciki da atamfa a ƙaho, santsin tayil ya kwashe shi, ya zame har gindin fila. Da ya miƙe ya dubi tayil mai sheƙin da na lulluɓe ta da shi, sai ga abokin gabar nan ya riga shi shigowa. Fila dai ba ta motsa ba. A wannan kam na yaba wa Baba.

Hankalin kowa a kan ragon ya tsaya. Hajiya ta ce a kira liman ya duba, don in ƙaho ya karye yana jini layya ba ta yi. Liman ya zo ya shafa ƙaho, ya duba ido da ƙafa, ya ce rago lafiya lau, Allah ya karɓa. Ba wanda ya ce mini sannu. Na kira mai gilashi, ya ce irin wannan sai an yanko daga Legas, kuma da dala ake lissafinsa; kuɗin da ya faɗa zai sayi irin ragon guda uku da ɗan canji. Muka yi sallah da falle-fallen silin-bod a fuskar gida.

Bayan sallah Baba ya zo da tef ɗinsa, ba ni na kira shi ba. Ya auna faɗi, ya auna tsawo, ya rubuta a bayan kwalin ashana.

“Ranka ya daɗe, bulo mai inci tara za a sa ko mai shida?”

Na ce, “Baba, na wucin gadi ne fa, kafin dala ta sauko.”

“Na sani. Tara ke nan. Tagar fa, wace iri za a bari?”

Ban kai ga buɗe baki ba, Hajiya ta amsa daga gindin darbejiya: “Ƙarama!”