Yaran ne Za Su Gaji, ko Kai, Alhaji?

Alhaji, tun ban rufe baki ba na ga ka ture hula ƙeya. Wai a kwashi yara ƙanana a fita yawon keke a Krofrom? Ka ce wannan aikin Turawa ne da suka rasa abin yi. To sannu, jikan masu jirgin sama! Kakanka da ya zo Kumasi fataucin goro, da ƙafa ya zo. Ranar da mahaifinka ya sayi Raleigh sai da unguwa ta fito kallo. Kai fa? Wa ya riƙa ɓoye kuɗin koko yana kai wa mai keken haya, ya zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda don bai kai sirdi ba? Tabon nan na gwiwarka, kar ka ce a filin ƙwallo ka samo shi. Mun san Baba Yara, ba kai ba ne.

Ka ce hanya ba kyau, motoci sun yi yawa. Nan na ba ka gaskiya, amma rabi. Duk wanda ya saki ɗan shekara 5 a babban titin da ya taso daga shataletalen Suame, ya ratsa danjar Krofrom, ya nufi shataletalen filin jirgi, a kama shi a yi masa ruƙiyya. Trotro na cin birki inda ya ga dama, yaron mota na lilo a ƙofa yana kiran Tafo. Kekunan pragya masu ƙafa uku da hukumar KMA ta kora daga tsakiyar gari a 2023 kuwa ba sama suka tashi ba, suna nan tare da mu. Amma wa ya aike ka can? Ranar Lahadi, da an sallame asuba gari ya waye wajen ƙarfe 6, maƙwabta na can suna gugar kayan coci, layukan cikin unguwa naku ne ku da kaji. Ga kuma filin makaranta da ba kowa.

Ka ce makarantar Islamiyya fa, ai Asabar da Lahadi ake yi. Kai, Alhaji, yau kuma kai ne mai kishin karatu? Awa ɗaya ce. Za su dawo su yi wanka tun Malam bai gama shan shayi ba.

Bari in gaya maka abin da ya kamata ka ji tsoro, tunda ka iya tsoro. Tayar baya ce. A ɗora yaro a kariya, ƙafafu na reto, silifas a ƙafa. Ya hango akuya, ya waiga, diddige ya faɗa cikin wayoyin taya, kafin ka ji ihunsa fata ta saluɓe. Maganin bai kai kuɗin magani ba. Kai keken wurin mai walda, ga Suame Magazine nan kusa inda ake tayar da matacciyar mota ta tashi da gudu, a sa masa matakin ƙafa hagu da dama, a rufe gefen tayar da raga. Yaro ya sa takalmi mai rufi. Hular kwano ta zauna daidai kansa, ta sauko goshi, a ɗaure igiyar a haɓa. Ba taka ta babur da za ta rufe masa ido ba. Jaririn da bai cika shekara ba, wuyansa bai gama tsayawa ba, ya zauna wurin kaka. Kuma a bi tsakiyar layi in ba abin hawa, don kwatocinmu a buɗe suke, ba sa tambayar ɗan wane ne.

Mai koyo kuma, daina bin sa a guje kana riƙe da sirdi kana "Na riƙe, na riƙe" alhali ka saki tun ɗazu. Ƙarya kake wa yaro da sassafe! Sauke sirdin har tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa, ka kwance feda biyun, ka bar shi ya riƙa tura kansa. Ranar da ka ga ya ɗaga ƙafa yana tafiya shi kaɗai, mayar da feda.

Ka ce to maza dai, ban da 'yan mata. Ashe ba ka taɓa zuwa Tamale ba. Je ka ga mata kan keke da babur, da mayafinsu, da kayan kasuwa a baya, ba wanda ya kira taron gaggawa. Nan Kumasi ma, mace ce, Bernice Dapaah, ta jagoranci masu ƙera keke da gora, har Ban Ki-moon ya hau ɗaya a Warsaw a 2013 yana babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya. A ɗinka wa yarinya wando ƙarƙashin riga, a tattare bakin hijabi kada kaca ta cafke shi, shi ke nan. Hajiya kuma, na ji kina dariya a bayan labule. Ke ma akwai naki.

Kuɗi? Nawa keken yara na gwanjo, nawa wayar da ka miƙa wa yaron don ya bar ka ka ji labarai?

Ka ce a bari sai gwamnati ta yi mana hanyar keke irin ta Tamale. Madalla da haƙuri. Kasuwar Krofrom an aza harsashinta a 2007, zamanin Kufuor, ta haura shekara 15 ba a gama ba. Yaron da aka raɗa wa suna a shekarar ya isa yankar katin zaɓe. Ka jira, in sha Allahu jikokinka za su hau.

Duk mun zagaya, saura dalilin gaskiya, wanda ka ɓoye ƙarƙashin babbar riga. Kumasi gari ne na hawa da gangara, kuma waakye da tuwon dare sun yi aikinsu. Ka san abin da zai faru a hawan farko. Ɗan shekara 7 zai kai sama ya tsaya yana kaɗa ƙararrawa, "Baaba, ka zo mana!" Kai kuma kana ƙasa, ka sauka, ka durƙusa kana duba kacar da ba abin da ya same ta, kana haki kana ce wa masu wucewa keken ne ba shi da kyau.

Ba komai, tura shi da hannu, ba mai kai ƙara fadar Manhyia. Sai dai a hanyar dawowa in an tsaya wurin mai koko da ƙosai, dokar yara ita ce wanda ya zo na ƙarshe shi ke biya. Ka taho da canji.