Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Jijiyoyin Ƙafafuna

Zuwa ga Shugabanni da Ma'aikata,
Reshen Tafin Ƙafa da Yatsu,
Ta hannun Laka.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da tambayar aiki, ko da yake ba sai na tambaya ba, tunda a jikina ake yin sa. Dalilin wannan takarda shi ne abin da kuka yi daren jiya, da abin da kuka ƙi yi yau da safe.

Jiya an ɗauke wuta, sauro ya yi sallama, na ja mayafi na rufe ƙafa. Mayafin nan tsohuwar atamfa ce da wanki ya gama lausasawa. Yana taɓa babban ɗan yatsa sai kuka aika wa ƙwaƙwalwa saƙon gaggawa cewa an jona ni da wayar lantarki. Na zabura na ture butar da ke gefen gado, uwargida ta farka da salati tana cewa, "Malam, kunama ce?" Aka haska tocila, babu kunama, babu komai. Daga nan har kiran assalatu kuna hura garwashi a tafin ƙafa, kuna sakin kiyashi a ƙwauri. Da na zo alwala na cire silifa, sai ga jini. Wata 'yar ƙusa ta huda takalmin ta shige dunduniya, Allah kaɗai ya san tun yaushe nake yawo da ita. A kan wannan ko tari ba ku yi ba.

To, ina neman bayani. Maigadin da zai kwana yana ihu don kyanwa ta gitta, ɓarawo kuwa ya haura ya kwashe kaya yana minshari, da wane suna za a kira shi? Aikinku ɗaya tak a duniya: in abu ya soke ni ku faɗa, in bai soke ni ba ku yi shiru. Kun juya shi baibai.

Likita ta ba ku uzuri, kuma na saurara. Ta ce sukari in ya daɗe da yawa a jini yana lalata ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da ku, kuma jijiyar da ta fi tsawo ita ke fara jigata. Ku kuwa tun daga ƙugu kuke miƙewa har yatsa, shi ya sa abin ke farawa daga ƙasa yana hawa sama. Ta ce kusan rabin masu ciwon sukari sukan gamu da irinku. Ta ɗauko wani ɗan zaren roba mai dannawa da nauyin giram 10, ta ce, "Baba, rufe ido, in ka ji ka ce e." Na rufe ido ina jira ta fara, ashe ta gama. Nan ma kun kunyata ni.

Yanzu ku ji abin da na kashe don in lallashe ku. Farasitamol ko kallo bai ishe ku ba. Diklofenak ya bar ku ya kama cikina, likita kuma ta hana saboda ƙoda. Aka koma amitiriftilin, maganin ciwon damuwa tun shekarun 1960, 'yar ƙwaya ɗaya da dare. Ya rage muku baki, ban musa ba, amma ya busar da nawa, ya hana ni bayan gida, ya sa liman ya sallame ina gado. Sai firegabalin, wanda aka fara sayarwa a 2004 da sunan Lyrica. Jiri, kumburin sau, ga ƙiba, a jikin mutumin da aka ce ya rage tumbi! Kuɗinsa kada ma a yi magana. Kuma da yake samari sun mai da shi kayan maye, har Ingila ta sa shi cikin magungunan da ake sa wa ido tun 2019, sai in miƙa takardar likita a kemis da furfurata, yaron kanti yana min kallon tuhuma. Kuna jina? Ni, da jikoki!

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne lissafin. Wani babban nazari da mujallar Lancet Neurology ta buga a 2015 ya nuna sai an ba kusan mutum 8 firegabalin kafin a sami ɗaya da maganin ya rage masa rabin ciwo. Rabi fa, ba duka ba. Sauran sun biya kuɗin jiri ne kawai. Tiramol kuwa, da wani ɗan'uwa ya kawo a aljihu yana raɗa, na ce ya mayar. Na ga abin da ya yi wa 'ya'yan mutane a unguwa.

Sai aka ce akwai man shafawa na barkono. Na ɗauka zolaya ce. Ashe gaskiya ne: sinadarin da ke sa barkono yaji, in ana shafa shi a kai a kai, yakan gajiyar da bakin jijiya har ta yi laushi. Da shi ne ma wani Ba'amurke, David Julius, ya gano ƙofar da jiki ke jin zafi ta cikinta, aka ba shi kyautar Nobel a 2021. Shi ya ci Nobel, ni na manta na sosa ido.

Masu ba da shawara ba su ƙare ba. Maƙwabci ya ce sanyi ne. Gwaggo ta ce na taka abu ne a mararraba. Mai lasifika a kasuwa yana da kwalba ɗaya da ke maganin ku da basir da ƙarin ƙarfi. Wanzami ya ce a zo a yi ƙaho, wato a tsaga ƙafar mai sukari wadda ƙurji ke wata bai warke ba. Wani ya ce in gasa ƙafa a kasko lokacin hunturu, ni da ba zan san ta ƙone ba sai na ji ƙauri. Kuma duk wanda ya kalle ni sai ya ce, "Ai Malam garau kake." Wannan ma laifinku ne, ba kwa barin shaida.

Saboda haka ina sanar da ku matakan da aka ɗauka ba da shawararku ba. An sallame ku daga gadi. Madubi ya karɓi aikin, kowane dare zan duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu. Za a zazzage takalmi kafin a sa, an daina taka tsakar gida ba takalmi. Shayi ya koma lami. Akwai tattaki bayan la'asar ko kun so ko kun ƙi. An ɗebi jini don auna bitamin B12, domin metfomin ɗin da nake sha yakan rage shi, ƙarancinsa kuma yana ƙara muku tsiya. Likita ta ce abin da ya lalace da wuya ya dawo, amma in sukari ya zauna daidai ana iya rage muku gudu. Na karɓa. Abin da nake roƙo bai taka kara ya karya ba: barcin dare, da zaman tahiya ba tare da an tsikare ni ba.

Naku, ba don yana so ba,
Mai ƙafafun.

Ƙarin bayani: kwanan nan ina jin ɗan dindiris a kan yatsun hannu in ina jan carbi. An gaya min in kun kai gwiwa can kuke tsallakawa. In sabon reshe kuke shirin buɗewa, ku sani ban ba da fili ba, kuma ranar Litinin zan kai ƙara asibiti.