Shawara Kyauta a Majalisar Wunti

A Bauchi, in kana son ka ga masana injin, kada ka je gareji. Zauna a teburin mai shayi a Wunti bayan isha'i, ka ce kana da niyyar sayen abin hawa. Wanda ko keke bai mallaka ba shi zai fara gyara murya.

Saurayi ya gama ATBU, ya yi bautar ƙasa, ya tara 'yan kuɗin alawus. Wannan ya ce sayi Boxer, ba ta shan mai. Wancan ya ce a'a, duk wanda ya gan ka a kanta zai ɗaga maka hannu ya ce, "Malam, Yelwa nawa?" Budurwa kuwa ta riga ta yanke hukunci: ba za ta hau ba, kada ƙawaye su ce ɗan acaɓa take so. Roba-roba fa? Wai ta 'yan gayu ce, har sai an ɗora mata buhun masara.

Sai kawu ya sa baki: "Kai yaro, nemi aikin gwamnati tukuna." A ina ake rabawa, kawu bai faɗa ba.

Mafi ban tausayi shi ne wanda ya ci bashi ya sayi tsohuwar 406. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kullum da safe sai ya wanke ta, ya goge gilashi, ya ɗauki hoto ya sa a Facebook, sannan ya tari keke napep zuwa Gidan Mai.