Daddawa Ta Shiga Ɓuya

A gidajen birni na yanzu, daddawa tana can ƙuryar sito. An ƙulle ta a leda uku, an jefa cikin tsohon gwangwanin madara, an rufe gam, kamar 'yar uwa daga ƙauye da ake gudun baƙi su gani. Magi kuwa yana saman kanta cikin kwalba mai walƙiya, shi da kori da tayim.

Laifinta ɗaya ne, wari. Kuma ba a ɓoye take yin sa ba. Ana dafa kalwa, wato 'ya'yan ɗorawa, kusan wuni guda, a surfe, a wanke ɓawon, a sake dafawa, sannan a lulluɓe ta kwana biyu ko uku har ta nuna, a kirɓa, a mulmula, a shanya. Duk unguwar da ake wannan aiki ba ta bukatar sanarwa.

Shi ya sa amaryar zamani take yamutsa fuska ta ce, "Ni wallahi daddawa tayar mini da zuciya take yi." Amma a bar ta ta je suna. Za ta tashi da malmala biyu ta tuwon dawa da miyar kukar Gwaggo, ta suɗe kwano, ta matso tana raɗa: "Gwaggo, don Allah me kika sa a miyar nan?" Ita kuma tsohuwa, da yake ta san halinta, sai ta ce, "Ba komai 'yar nan, hannu ne."

Abin dariyar yana cikin tarihi. A 1908 kamfanin Julius Maggi na Suwizalan ya fito da dunƙulensa. A wannan shekarar kuma wani masanin Japan, Kikunae Ikeda, ya tace sinadarin ɗanɗano daga ciyawar teku, wanda ya zama farin magin da ake ƙullawa a leda a kowane shago. To, shi dai wannan sinadarin ne kalwa take samarwa da kanta a kwanakin nan da aka lulluɓe ta. Abin da jika take ɓarewa daga takarda mai ƙyalli, kakarta ta daɗe tana mulmula shi a bayan ɗaki.

Sai dai kaka tana da awo, jika ba ta da shi. Miyar mutum huɗu, dunƙule takwas. A bi da farin magi, a bi da gishiri, a ɗanɗana a bayan hannu, a ce "da ɗan saura," a ƙara biyu. Ɗanwake bai tsira ba, kwaɗon zogale bai tsira ba, yajin ma sai an dake shi da rabin fakiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, alhali shi dunƙulen nan kaso mai tsoka nasa gishiri ne. Ranar da likita ya hana maigida gishiri saboda hawan jini, uwargida za ta bi umarni sau da ƙafa. Za ta ɗauke gishirin, ta cike gurbinsa da magi uku.

Shi ma maigidan ba kanwar lasa ba ne. Shi ke shigowa da katan guda a farkon azumi, shi ke hana a sa daddawa ranar da abokan ofis za su zo cin abinci, kuma shi ne zai kai loma biyu ya tsame hannu ya ce, "Ta yi daɗi, amma dai ba kamar ta Hajiya ba." Hajiyar da yake magana tana zuba daddawa ne kamar ba gobe.

Kamfanoni, da yake su ba sa jin kunya, tuni suka fito da dunƙule mai ɗanɗanon daddawa, a naɗe cikin takarda, da hoto a jiki. Wannan kam amarya tana saye, har ta ajiye shi a kwalbar saman kanta.