Alhaji, Gwiwar Ma Gado Ce?

Da zarar an ɗauko zancen tsufa, akwai masu karatu da ke haɗe rai su ce ba da su ake ba. Na san ku sarai. Ku ne masu cewa furfurar nan ta gado ce, wai a danginku tun ana samari take tsirowa. To, na yarda. Ƙarar da gwiwa ke yi in za a miƙe daga sujada fa, ita ma gadon ce? Miƙa waya can nesa kafin a iya karanta saƙo fa? Wannan kam likitocin ido sun san lokacinsa, daga wajen shekara 40 ido ke fara kasa ganin na kusa, kuma ba ruwansa da abin da aka rubuta a takardar rantsuwar shekaru ta kotu.

Ai kun san takardar da nake nufi. Ƙa'idar aikin gwamnati a Najeriya ta ce a yi ritaya a shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Malaman makaranta sun samu ƙari a 2022 zuwa 65, farfesoshi kuwa sai 70. Saura kowa ya yi dabararsa, shi ya sa za ka tarar da gidan da ƙane ya yi ritaya, wansa na nan yana jiran ƙarin girma, mahaifiyarsu na kallon ikon Allah.

Amma ranar dai sai ta zo. Waya ta yi shiru, direba ya koma bin sabon maigida, masu "ranka ya daɗe" sun canza layi. Nan ne Alhaji ke gano cewa baƙo ne a gidan da ya gina da kuɗinsa. Sai ya koma ƙirga dunƙulen miya da bin ɗakuna yana kashe fitila. Hajiya kuwa ko a jikinta. Yau suna, gobe kamu, jibi kwasar adashi, ga Islamiyya da safe, ga maƙwabta na shigowa a taɓa hira. Ɗan da ke Abuja ya bugo: "Baba ina wuni, ya ƙarfin jiki? To, ba ni Mama." Daga nan sai uwa da ɗa su shafe awa guda suna dariya, Alhaji na gefe yana gyaran murya. Kada ka ga laifin yaron, Yallaɓai. Tun yana ƙarami, da ya ji hon ɗin motarka yake neman wurin ɓuya. Hirar da ba a fara da shi yana ɗan firamare ba, ba za a fara ta da ya yi gemu ba.

Na ji wani daga can baya yana cewa, "Ni 'ya'yana ne fanshona." Allah ya yi musu albarka, amin. Gaskiya ne kuma tsarin fansho na 2004, wanda aka gyara a 2014 ma'aikaci na zuba kashi 8 mai ɗaukar aiki kashi 10, bai taɓa yawancin manoma da 'yan kasuwa ba. Sai dai fanshon nan naka shi ma yana da kuɗin haya da na makaranta, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 lissafinsa bai koma daidai ba. Ko ya turo, kuɗi ne suka zo, ba su iya zama su tambaye ka yadda ka kwana.

Kuna kuma alfahari cewa mu ba Turawa ba ne, ba ma kai iyaye gidan tsofaffi. Haka ne, ko gidan gajiyayyu na Shahuci a Kano ba wurin da mai dangi ke so a ambata masa ba ne. To amma ɗakin nan na can ƙurya, wanda ba mai leƙawa sai yaron da ke kai tuwo ya dawo ɗaukar kwano, shi wane suna za mu ba shi?

Sai 'yan "ni ba na zuwa asibiti, in ka je sai sun nemo maka ciwo." Malam, ba su suka sa maka ba, tarar da shi suka yi. Hawan jini yana farawa daga 140 bisa 90, kuma yakan yi shekaru bai ce uffan ba, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye a hau zargin maƙiya da iska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya, ka lissafa har da na kilishi da yajin tsire. Ta kuma ce a motsa jiki minti 150 a mako. Zuwa masallaci sau biyar a ƙafa, da ɗan sauri, da ya kusa biyan wannan bashin, in ba don Alhaji ya gina masallacin a jikin katangar gidansa ba. Kwana na Allah ne, ba musu. Amma ban taɓa ganin ka bar motarka ba juyen mai ka ce ai ƙaddara ce ba.

Abin da ke ba ni dariya, Bahaushe ya riga ya buɗe wa tsoho ƙofa tun fil azal, wato wasan jika da kaka. Jikanya matarka ce mai neman kuɗin cefane, jika namiji kuwa mijin Hajiya ne da ya zo ƙwace. Su kaɗai ke da lasisin ce maka tsoho ido da ido, ka yi dariya. Amma akwai kakan da jika ke shigowa ya daka masa tsawa don ya taka darduma, sannan ya zauna yana mitar 'ya'yan zamani ba su da zumunci.

Na bar manyan masu gardama a ƙarshe, masu cewa maganin tsufa amarya. Ba ni da ta cewa, halas ne, Allah ya sanya alheri. Lissafi kawai zan taya ku. In aka ɗaura kana da 65, ɗan farinta zai zauna jarrabawar JAMB kana da 83, ga ƙannensa uku a bayansa. Ka fara lallaɓa wancan na Abuja tun yanzu, don shi za a turo wa takardar kuɗin makaranta.