Ranar da Lodos Ta Tafi da Hulata

Ɗan yayata da ke karatu a Bursa shi ya ja ni. Na je Istanbul sarin kaya a Laleli cikin watan Janairu, na gama ɗaure dilolina ke nan sai ga wayarsa: "Kawu, ka ce ba ka taɓa taka dusar ƙanƙara ba, ga ta nan jibge a bayan garinmu." Bayan garin nasu shi ne tsaunin Uludag mai tsayin mita 2,543, inda Turkawa ke zuwa wasan zamiya. Na hau jirgin ruwa na tsallaka tekun Marmara zuwa Mudanya, ya tarbe ni.

Da dare yaron ya buɗe waya yana karanto mini rahoton tsaunin. Ashe abin karatu ne mai zaman kansa. Akwai kaurin dusa, akwai sanyin ƙasa da na sama, akwai gudun iska, akwai nisan da ido zai iya hangowa. Ya ce duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi kan ragu da kusan digiri 6 da rabi, shi ya sa ruwan da ke sauka a cikin gari yakan sauka dusa a unguwar otal-otal da ke can sama. Na ce madalla. Kaurin dusa ya haura gwiwa, na ce to me muke jira? Sai ya ɓata fuska.

"Kawu, an ce gobe da rana akwai lodos. Mu bari sai jibi."

Lodos iska ce mai ɗumi da ke busowa daga kudu maso yamma. Mutanen Bursa suna jin tsoronta: tana narkar da dusa, tana tayar da teku, tana yaye rufin gidaje, wasu ma sun ce ciwon kai take sa su. Ni kuwa jikan manoma ne. Da asuba na fita baranda na dubi gabas, inda duk wani hadari mai mutunci yake tasowa, na ga sama tas. Na dawo na ce masa, "Ɗana, waya ba ta san sama ba. Tashi mu tafi." Har gobe ina nan a kan bakata cewa gabas ba ta yi mini ƙarya ba. Iskar ce ta biyo ta bayan gida.

Muka hau teleferik, akwatunan gilashi da ke rataye a jikin igiyar ƙarfe, tafiyar kusan kilomita 9 daga Teferruc, a bi ta Sarialan har unguwar otal-otal. Ina sanye da riguna uku a ƙarƙashin kaftani, da hulata zanna bukar, don maiɗakina ta ce kada in dawo Kano ba hoto. Daga rabin hanya akwatin ya soma lilo. Wata tsohuwa da ke gabana ta ciro carbi, ni ma na laluba aljihu.

A sama aka ba ni hayar alluna biyu dogaye, da sanduna, da takalman da ba sa barin idon sawu ya motsa. Mai hayar ya dubi kaftanina, ya dubi sama, ya faɗi wata magana da yaron ya ƙi fassara mini. An rarraba gangaren da launuka: kore na 'yan koyo, sai shuɗi, sai ja, baƙi kuma na waɗanda suka bar wasiyya. Na zaɓi kore, ba don tsoro ba.

Abin da rahoto bai iya gaya wa baƙo shi ne, kauri daban, hali daban. Dusar da ta ɗan narke jiya da rana ta kwana cikin sanyi ta daskare, ta zama santsi zalla. Ina ɗora ƙafa, allon dama ya nufi Bursa, na hagu ya nufi Ankara. Yaron yana ihu, "Kawu, haɗa bakin allunan! Yi kusurwa!" Wace kusurwa? Na wuce wasu yara 'yan shekara biyar da ke jere bayan malaminsu, na wuce malamin, na wuce wani mai gasa tsiran Turkawa da ake kira sujuk, sannan raga mai ruwan lemo da aka kafa a gefen hanya ta karɓe ni hannu bibbiyu. Ɗaya daga cikin yaran ya zo ya tsaya cak a kaina, ya miƙo mini sandata.

Wajen azahar lodos ta iso da gaske. Iska mai ɗumi a kan tsaunin ƙanƙara, abin da hankali ba ya ɗauka. Kafin a jima dusar ta koma kamar farau-farau, ka faɗi ka tashi jiƙe sharkaf har singileti. Gajimare ya sauko ya rufe mu, ƙasa fari, sama fari, ba ka sanin ko tafiya kake ko tsaye. Nan na ce a ɗauki hoton, a gama. Na gyara tsayuwa, na ɗaga sanda, yaron ya ce "ɗaya, biyu", iska ta fizge hular. Mun ga ta yi sama, ta juya sau ɗaya, ta nufi arewa maso gabas. Hular da aka yi wata da watanni ana ɗinkinta a Maiduguri.

An dakatar da teleferik saboda iska, kamar yadda aka saba yi. Muka bi layin ƙananan motocin haya da suke kira dolmush, muka gangaro ta hanya mai lanƙwasa fiye da kilomita 30, ruwa na ɗiga daga kaftanina a kan takalmin wani bawan Allah da bai ce uffan ba. A ƙasa aka ce jiragen ruwa ma an soke su. Dole na bi motar safa ta gadar Osmangazi, wadda aka buɗe a 2016, ina atishawa tun daga Bursa har Istanbul.

Bayan lodos, in ji mutanen garin, sau da yawa iska kan juya ta arewa, sanyi ya dawo. Haka aka yi. Jibin da yaron ya ambata, ya turo mini hotonsa: sama shuɗiya, dusa sabuwa fara fat har kugu, yana dariya. Ban amsa ba, don ba a biye wa yaro.

Nawa hoton kuwa na nuna shi a Kantin Kwari. Mutum ne tsaye cikin farin hazo, kai ba hula, baki buɗe, ba tsauni ba dusa. Maƙwabcin shagona ya juya wayar, ya ƙara haske, ya miƙo mini.

"Alhaji, ka ji tsoron Allah. Wannan ai hanyar Zariya ce da hunturu."