Fatawa a Kan Fulogi: A Wanke Ko a Sake?

Duk wanda Allah ya jarrabe shi da ƙaramin janareto a wannan bazara, ya tsaya cikin duhu yana fizgar igiya har kafaɗa ta yi tsami, ga sauro, ga iyali sun zuba masa ido, ba ya bukatar in gaya masa inda fulogi yake ko yadda ake kwance shi, domin makaranta ɗaya muka yi da shi a makon jiya.

Shawara ta farko, kada ka bari maƙwabta su ga fulogin a hannunka. Da zarar sun gani, sai majalisa ta tashi ta dawo ƙofar gidanka, kowa da mazhabarsa: wannan ya ce a ƙona shi a garwashi, wancan ya ce a kankare da ƙusa, wani kuma, wanda bai taɓa mallakar ko keke ba, ya karɓe shi ya goga a gefen wandonsa, ya hura masa iska sau biyu, ya miƙo maka yana cewa, "Maigida, ja mu gani." Ka ja, injin ya yi tari ya yi shiru, su kuma su yi ijma'i a kan cewa hannunka ne ba shi da ƙarfi!

Ta biyu, ka karanci bakin fulogin kafin ka taɓa shi, gama shi shaida ne adali a kan abin da ke cikin injin. In ruwan ƙasa ne, lafiya lau. In baƙar kunkunniya ce busasshiya, fetur ya rinjayi iska, sai ka binciki matatar iska da kabureto, ka kuma tuna ko ka bar cok a rufe. In ya jiƙe da baƙin mai, to ko dai zobban fistin sun cinye, ko kuwa, a irin janareton da ake gauraya masa mai, ka zarce kashi 1 cikin 50 da akasari aka ƙayyade. A nan wanki ya halatta: fetur kaɗan, burushin waya, a bari ya bushe, a daidaita tazarar bakin wajen milimita 0.7. Amma wanki jinya ce ta dare ɗaya, matuƙar ba a kawar da musabbabin ba.

Ta uku kuwa, in tangaran ɗin ya tsage, ko ƙarfen tsakiya ya zaizaye ya yi mulmul, sauyi ya wajaba. To, a nan ne lissafina yake tsayawa, domin haƙuri ya gaza. Mutum ya je kasuwa da halalinsa, a miƙo masa kwali mai sunan NGK na Japan, ko Bosch na Jamus wanda tun 1902 yake wannan sana'a, alhali abin da ke ciki jabu ne, wanda ba zai ga Juma'a biyu ba. In ya koma da ƙorafi, a ce masa ai injinsa ne ke cin fulogi. Wannan fa algus ne, ya ku 'yan kasuwa, ku ji tsoron Allah!

Sauran shawarwari: ɗaura da hannu kafin sifana, kada zaren ya gurɗe. Fulogi mai bakin iridiyam ba a kankare shi.

Hukuncina dai shi ne, ka wanke sau ɗaya don ka kwana da fanka, gari na wayewa ka nemi na ƙwarai wajen amintacce, kuma ka sayi biyu.